Yini Guda a Luzern da Ƙaramin Guzuri

Luzern birni ne a tsakiyar ƙasar Suwizalan, a daidai inda kogin Reuss yake fita daga wani babban tafki ya kama hanyarsa zuwa arewa. Mazauna birnin sun ɗan haura 80,000, kuma Jamusanci suke yi, ɗaya daga cikin harsuna huɗu na ƙasar. Tafkin da ke gabansa ya kai faɗin murabba'in kilomita 114, yana kan tudu mai tsayin mita 434 daga doron teku, ya yi rassa ya kutsa tsakanin duwatsu. Tsaunuka biyu ne suka sa birnin a tsakiya: Pilatus ta kudu maso yamma, Rigi ta gabas. Tun ƙarni na 19 baƙi suke tururuwa zuwa nan. Sarauniya Biktoriya ta Ingila ta yi makonni a garin a 1868, kuma manyan otal-otal da aka jera a bakin ruwa saboda masu hannu da shuni na wancan zamani suna nan har yau.

Suwizalan tana sahun gaba a jerin ƙasashen da rayuwa ta fi tsada a duniya, kuma Luzern ba ta yi wa baƙo rangwame. Kuɗin ƙasar faran ne, ba yuro ba, domin Suwizalan ba ta cikin Tarayyar Turai. Faranti ɗaya na abinci a gidan cin abinci na tsaka-tsaki yakan fara daga wajen faran 25, gado ɗaya a ɗakin kwanan haɗaka yakan haura faran 40 a lokacin da baƙi suka yi yawa. Wannan ne yake sa mai ƙaramin ƙarfi ya cire garin daga lissafinsa tun kafin ya duba. Amma tsadar Luzern ta taru ne a wurare uku: wurin kwana, dafaffen abinci, da jiragen hawa tsauni. Abubuwan da suka sa sunan garin ya zagaya duniya, wato gadojinsa na katako, ganuwarsa, sassaƙen zakinsa, ruwan shansa da gaɓar tafkinsa, dukiyar jama'a ce, babu ƙofa babu mai karɓar kuɗi. Matafiyin da ya gane wannan rabo zai iya cika yininsa ba tare da ya taɓa aljihu sosai ba.

Tanadin yana farawa ne kafin a iso. Yawancin baƙi ta Zurik suke shigowa, inda babban filin jirgin sama yake, daga can kuma jirgin ƙasa yakan kai mutum Luzern cikin kimanin sa'a guda. Kamfanin jiragen ƙasa na gwamnati, SBB, yana sayar da tikiti mai rahusa ga wanda ya saya tun da wuri ta intanet ko ta manhajar waya, da sharaɗin cewa jirgin da aka zaɓa shi kaɗai za a hau, a lokacin da aka rubuta. Akwai kuma tikitin yini guda mai rahusa wanda yake aiki a jiragen ƙasa, motocin safa da jiragen ruwa na ƙasar baki ɗaya. Farashinsa yana hawa gwargwadon yadda ranar tafiya take matsowa. Babu shinge a tashoshin ƙasar, kowa yana shiga jirgi kai tsaye, amma masu duba tikiti suna zagayawa, kuma tarar da ake ci wa wanda aka kama babu tikiti ta fi ƙarfin guzurin yini guda. Wanda ya kwana a otal ko masauki a cikin birnin ana ba shi katin baƙo, wanda yake ba shi damar hawa motocin safa da jiragen cikin gari kyauta tsawon zamansa. Wanda ya zo da safe zai koma da dare ba ya samun wannan kati, amma ba shi da babbar asara, domin tsohon garin duka da ƙafa ake zagaya shi.

Tashar jirgin ƙasa tana bakin ruwa. Da fitowa mutum zai ci karo da wata babbar ƙofa ta dutse tsaye ita kaɗai a fili, babu gini a bayanta. Ita ce ta rage daga tsohuwar tasha wadda gobara ta cinye ranar 5 ga Fabrairu, 1971. Sabuwar tashar an buɗe ta a 1991. Ta hannun dama akwai zauren kiɗa da taruka da ake kira KKL, aikin wani mai zanen gine-gine Bafaranshe, Jean Nouvel, mai faffaɗan rufi da ya miƙe ta saman ruwa. Shiga kallon wasa a ciki na masu kuɗi ne, tsayawa a inuwar rufin kuwa na kowa ne.

Sammako yana da riba a garin nan. Daga ƙarfe tara zuwa goma na safe manyan motocin 'yan yawon buɗe ido suke fara sauke ayari a dandalin Schwanenplatz, inda shagunan agogo masu tsada suke, daga nan gadar da kowa ya zo gani takan cika maƙil. Wanda ya isa da ƙarfe bakwai ko takwas zai same ta da sauran fili.

Wannan gada ita ce Kapellbrücke, tafiyar minti uku daga tasha. Ta katako ce mai rufi, tsawonta ya ɗan haura mita 200, kuma ba ta tsallaka kogin a miƙe ba, a karkace ta bi. An gina ta a ƙarni na 14, shekarar da aka fi ambata ita ce 1333, abin da ya sa take cikin tsofaffin gadojin katako masu rufi a Turai. Ba don ado aka yi ta ba. Wani ɓangare ce ta katangar tsaron gari, ta toshe hanyar da abokan gaba za su iya shigowa ta tafki, shi ya sa shingen gefen da ke fuskantar tafkin ya fi na ɗaya gefen tsawo. A ƙarni na 17 aka rataya alluna masu kusurwa uku a ƙarƙashin rufin, kowanne da zanen wani babi na tarihin garin da na ƙasar, ta yadda mai wucewa, ko bai iya karatu ba, zai ɗaga kai ya ga labarin kakanninsa. A daren 18 ga Agusta, 1993, wuta ta kama gadar ta ci mafi yawanta, tare da mafi yawan allunan da ke kanta. Hukumar birni ba ta ɓata lokaci ba. A watan Afrilu na 1994 aka sake buɗe ta. An bar wasu allunan da wuta ta babbake a wurarensu, baƙi ƙirin, sannan an bar tsakiyar gadar babu zane. Wannan shawara ce mai kyau, domin baƙo yana ganin abin da aka rasa da idonsa, ba a rufe masa gaskiya da kwaikwayo ba.

A gefen gadar, cikin ruwa, akwai hasumiya ta dutse mai kusurwa takwas, tsayinta mita 34, wadda ta girmi gadar da kimanin shekara talatin. Ta yi zaman baitulmali, ta yi zaman ma'ajiyar takardun gari, ta kuma yi zaman kurkuku inda ake azabtar da fursunoni. A yau wasu tsuntsaye ne dangin tsattsewa suke sheƙa a ƙarƙashin rufinta. Da sanyi ya ƙarato sai su tashi zuwa Afirka. Masana daga cibiyar binciken tsuntsaye da ke Sempach, wani ƙaramin gari kusa da Luzern, sun ɗaura wa wasu tsuntsaye irinsu 'yan na'urori, suka kuma bayyana a 2013 cewa sun yi kwana 200 a sararin sama, a hanya da kuma a Afirka ta Yamma, ba tare da sun sauka ba. Baƙon da ya fito daga Afirka ta Yamma zai iya ɗaga kai ya dube su da wannan a zuciya.

Idan ranar Talata ce ko Asabar, kasuwa tana ci a gefen kogin tun da safe har zuwa tsakar rana. Manoman kewaye suna kawo cuku, burodi, furanni, 'ya'yan itatuwa da kifin tafki. Kayan kasuwar ba su da araha, kuma ba a ciniki. Farashin da aka rubuta shi ake biya. Kallo dai kyauta ne. A gefen kudu akwai cocin 'yan ɗariƙar Jesuit, wanda aka gina tsakanin 1666 da 1677, farin ɗaki mai yawan ado, ana shiga ba a biya, da sharaɗin yin shiru. A gefen arewa akwai zauren majalisar gari na farkon ƙarni na 17, sai kuma lunguna da ƙananan dandali irin su Weinmarkt da Hirschenplatz, inda aka yi wa bangon gidaje zane tun daga ƙasa har sama. Motoci ba sa shiga yawancin waɗannan lunguna.

Ɗan gaba kaɗan a kan kogin akwai wani abu da baƙi da yawa suke wucewa ba su lura da shi ba, alhali ya cancanci tsayawa. Madatsar ruwa ce ta dogayen sandunan katako da aka jera a tsaye kafaɗa da kafaɗa, an yi ta wajajen 1860. Idan dusar ƙanƙara ta narke a tsaunuka ruwa ya yi yawa, ma'aikata sukan zare wasu sandunan don ruwan ya wuce. Idan ruwa ya ja baya sai su mayar. Da wannan dabara ake daidaita tsayin tafkin gaba ɗaya, don kada ya ci gari, kada kuma jiragen ruwa su kafe. Aiki ne na fiye da shekara 160 da har yanzu yake biyan buƙata.

Kusa da madatsar akwai gada ta biyu, Spreuerbrücke, wadda aka kammala a 1408. A wancan zamani ita ce ta ƙarshe ta ɓangaren gangaren ruwa, don haka daga kanta kaɗai aka yarda masu niƙa su zubar da ƙaiƙayi cikin kogi, ya tafi ba tare da ya ratsa gari ba. Ta fi ta farko gajarta da duhu, kuma wuta ba ta taɓa allunanta ba. Zane-zanen, waɗanda Kaspar Meglinger ya jagoranci yin su a farkon rabin ƙarni na 17, jigo ɗaya suke maimaitawa: mutuwa, a siffar ƙwarangwal, tana zuwa wa sarki, da limamin coci, da attajiri, da soja, da amarya, da manomi, babu wanda ta ƙyale. An yi su ne a zamanin da annoba take share garuruwan Turai. Alluna 45 ne suka rage. Ga mai son tarihi, wannan gada ta fi 'yar uwarta mai suna daɗin tsayawa, ga shi kuma cunkoso bai cika isa wurin ba.

Daga nan hanya takan hau tudu zuwa ganuwar gari, Museggmauer. Wanda ya san badalar Kano ba ya buƙatar a yi masa bayanin amfanin irin wannan gini, sai dai ta Luzern ta dutse ce, gajera ce ƙwarai a kan ta Kano, kuma an adana ta kusan yadda take. Tsawon abin da ya rage mita 870 ne, da hasumiyoyi tara, an kammala ta a wajajen 1400. Daga farkon Afrilu zuwa farkon Nuwamba ana buɗe huɗu daga cikin hasumiyoyin da wani ɓangare na saman katangar ga kowa, ba a karɓar ko kwabo. Matakalar katako ce, ƙunci gare ta da miƙewa, tsoho ko mai ciwon gwiwa sai ya bi a hankali. Amma daga sama ana ganin jajayen rufin tsohon gari, gadojin biyu, tafkin da jiragensa, da Pilatus a bayansu. Babu wani wurin kallo a cikin birnin da ya fi wannan, ko da na biya ne. A ɗaya daga cikin hasumiyoyin, Zytturm, akwai agogo na shekarar 1535 mai babbar fuska da aka yi don masunta su iya hango lokaci daga kan ruwa. Gari ya ba shi wata alfarma saboda tsufansa: yana buga ƙararrawarsa minti ɗaya kafin sauran agogunan birni. Ana iya shiga a ga injinsa yana aiki, da duwatsun da ke jan sa. A bayan ganuwar akwai wata 'yar gona da dabbobi suke kiwo a cikinta, a tsakiyar birni.

Zuwa lokacin rana ta take, batun abinci ya taso, kuma a nan ne guzuri yake tsira ko ya ƙare. Manyan kantunan ƙasar guda biyu, Migros da Coop, suna da rassa a tsohon gari da cikin tasha. Ana samun burodi, cuku, dafaffen ƙwai, madara, ayaba, tufa da haɗin ganye a farashin da bai kai rabin na gidan abinci ba. Da yamma, dab da rufewa, sukan manna takardar ragin kashi 25 ko 50 cikin ɗari a kan abincin da ba zai kwana ba. Migros, wanda Gottlieb Duttweiler ya kafa a 1925 don sauƙaƙa wa talaka sayayya, ba ya sayar da giya a kantunansa, kuma da aka tambayi mambobinsa a 2022 ko a sauya wannan tsari, sai suka ƙi. Mai son abinci mai zafi zai iya neman gidajen cin abinci na ɗauki-da-kanka da irin waɗannan kantuna suke da su, ko shagunan kebab na Turkawa, waɗanda da yawansu naman halal suke sayarwa, ko da yake tambaya ta fi zato. Musulmi ya kula da tsiran ƙasar da yankakken nama na cikin leda, domin naman alade ya yi yawa a cikinsu. Kalmomin Schwein, Schinken da Speck a jikin leda duk shi suke nufi. Titin Baselstrasse, a yammacin tsohon gari, nan ne baƙi daga ƙasashe da dama suke da shagunansu, kuma kayan abinci na Asiya da Afirka sun fi samuwa a can.

Ruwan sha ba a saye. Birnin yana da famfunan marmaro fiye da 200 a tituna da dandali, wasu da ginshiƙan dutse masu ɗaruruwan shekaru, ruwa yana zuba dare da rana, mai sanyi da tsabta. Ƙa'idar ƙasar ita ce kowane irin wannan famfo ana shan ruwansa sai wanda aka rubuta wa Kein Trinkwasser. Gorar roba guda ɗaya ta isa yini. A gidan abinci kuwa kwalbar ruwa takan ci faran biyar ko fiye, wasu ma suna cajin ruwan famfo. Wurin zama a ci abincin ma ba matsala ba ne: kujeru suna jere a ƙarƙashin itatuwa a gaɓar tafki, gaban manyan otal ɗin nan, kuma abin da mai kwana a ciki yake gani ta taga shi mai zaune a kujera yake gani. Sharaɗi ɗaya ne, a kwashe shara a jefa a kwando, domin ana cin tarar mai zubar da ita.

Bayan cin abinci, tafiyar minti goma daga bakin ruwa, ta gefen cocin Hofkirche mai tagwayen hasumiyoyi masu tsini, takan kai mutum ga zakin Luzern. An sassaƙa shi ne a jikin dutsen wata tsohuwar mahaƙa, tsawonsa mita 10, tsayinsa mita 6, da ɗan kududdufi a gabansa. Zakin yana kwance yana gargarar mutuwa, karyayyen mashi a haƙarƙarinsa, ya ɗora ƙafa a kan garkuwa mai tambarin gidan sarautar Faransa. Bertel Thorvaldsen, ɗan ƙasar Denmak, shi ya tsara shi, Lukas Ahorn ya sassaƙa, aka kammala a 1821. Abin tunawa ne ga dogaran Suwizalan da aka kashe ranar 10 ga Agusta, 1792, lokacin da 'yan juyin juya hali suka afka wa fadar Tuileries a birnin Paris, inda suke gadin Sarki Louis na 16. Rubutun da ke ƙasan zakin ya ce 760 suka mutu, 350 suka tsira. Wani hafsa ɗan Luzern, Karl Pfyffer, wanda yake hutu a gida ranar da aka hallaka abokan aikinsa, shi ya tara kuɗin aikin.

Bayan wannan sassaƙe akwai tarihin da ya kamata baƙo ya sani. Ƙasar da ake yi wa kallon matattarar arziki a yau ta daɗe cikin talauci. Ƙasar noma kaɗan ce, sanyi yana da tsawo, don haka tsawon ƙarnoni samarin ƙauyukan tsauni suna fita aikin sojan haya a wurin sarakunan Turai, manyan gidajen gari kuma suna cin ribar kwangilar. Waɗanda zakin yake wakilta sun mutu ne a bakin ƙofar sarkin da ba nasu ba, a rikicin da ba nasu ba. Tun lokacin da aka buɗe shi wasu 'yan ƙasar masu ra'ayin sauyi suka ƙi shi, suna ganin yabon mulkin sarauta ne. A tsakiyar ƙarni na 19 dokokin tarayya suka hana wannan sana'a. Abin da ya rage daga cikinta shi ne dogaran Fafaroma a Batikan, waɗanda tun 1506 'yan Suwizalan ne.

A kusa da zakin akwai wurare biyu na biya. Ɗaya lambu ne da aka gano ramukan da ƙanƙara ta haƙa a jikin dutse tun dubban shekaru, an tono su a 1872. Ɗayan kuma, Bourbaki Panorama, zane ne na zagaye mai tsawon mita 112 wanda Edouard Castres ya yi a 1881, yana nuna sojojin Faransa 87,000 da suka tsallako iyaka cikin dusar ƙanƙara a watan Fabrairu na 1871 bayan sun sha kashi a hannun Jamusawa, aka karɓi makamansu aka ba su mafaka. Kula da waɗannan sojoji yana daga cikin manyan ayyukan farko na ƙungiyar agaji ta Red Cross a ƙasar. Wanda yake da kuɗin shiga wuri ɗaya tak, wannan ya cancanta. Gidan tarihin sufuri, Verkehrshaus, wanda aka buɗe a 1959, ya fi kowane gidan tarihi a ƙasar samun baƙi, amma yana da tsada kuma shi kaɗai yana cin rabin yini.

Sai batun tsauni, wanda shi ne babbar jarrabawar mai ƙaramin guzuri. Jirgin ƙasa mai haƙora da ke hawa Rigi daga Vitznau ya fara aiki a 1871, shi ne jirgin hawa tsauni na farko a Turai. Na Pilatus, daga Alpnachstad, an buɗe shi a 1889, kuma har yau babu irinsa da ya kai shi miƙewa a duniya, domin a wani wurin yana hawa mita 48 a cikin kowace mita 100. Ƙololuwar Pilatus ta kai mita 2,128, ta Rigi kuwa kusan 1,800. Zagayen da aka fi tallatawa, wato jirgin ruwa, sannan jirgi mai haƙora, sannan saukowa a akwatin da ke rataye a igiyar ƙarfe, ya haura faran 100. Ba kuɗin banza ba ne idan gari ya yi garau. Idan hazo ya rufe ƙololuwa kuwa, mutum zai biya ya je ya tsaya cikin farin gajimare. Don haka kada a sayi tikitin tsauni sai an duba sama da safiyar ranar. Kamfanonin suna da kyamarori da ke nuna halin da ƙololuwar take ciki a intanet. Wanda ya riga ya mallaki tikitin yini guda na ƙasa baki ɗaya ya fi dacewa da Rigi, domin tikitin yana aiki a jirgin ruwa zuwa Vitznau da kuma jirgin hawan. Wanda ba shi da ko ɗaya, ya riga ya sami rabonsa a kan ganuwa, kuma zai iya ƙarawa da hawa tudun Gütsch da ƙafa, inda wani farin otal mai siffar fada yake kallon gari, da daji a bayansa.

Tafkin kansa ana iya ɗanɗana shi da kuɗi kaɗan. Jiragen ruwan ba na shaƙatawa kawai ba ne, sufurin jama'a ne da ke haɗa garuruwan gaɓa, saboda haka ana iya yankar tikitin zango ɗaya, kamar daga tasha zuwa Verkehrshaus, tafiyar kimanin minti goma, a dawo da ƙafa ta bakin ruwa. Kamfanin jiragen ruwan yana da tsofaffin jirage biyar masu aiki da tururi, mafi tsufa a cikinsu, Uri, tun 1901 yake kan ruwa. A gaɓar tafkin, har zuwa ƙarshensa ta kudu, tafiyar kusan sa'a uku, yankunan da suka ƙulla yarjejeniyar 1291 suke, wadda ake ɗauka a matsayin tushen ƙasar. Luzern ta shiga ƙawancen a 1332.

Da la'asar, a lokacin zafi, mutanen gari sukan nufi Ufschötti, wani fili mai ciyawa da yashi a bakin tafki, tafiyar minti goma sha biyar daga tasha ta kudu. An cike wurin ne da ƙasar da aka haƙo lokacin fasa ramin babbar hanya a ƙarƙashin tudun Sonnenberg a shekarun 1970. Shiga kyauta ne, ana iyo, ana wasan ƙwallo, ana zaman hira. Ruwan ko a tsakiyar zafi yana da sanyi, kuma shigar masu wanka irin ta Turai ce, wanda hakan bai kwanta masa ba sai ya wuce gaba. Hanyar tana kaiwa Tribschen, inda mai tsara kiɗa Bajamushe Richard Wagner ya zauna daga 1866 zuwa 1872. Gidan ya zama gidan tarihi na biya, amma lambunsa a buɗe yake, kuma shiru ya fi yawa a can.

Lokacin shekara yana sauya lissafin duka. A watan Yuni rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, yini ya yi tsawo, mai sallah kuma ya san magariba da lisha za su yi nisa. A Disamba kuwa kafin ƙarfe biyar duhu ya shiga, hasumiyoyin ganuwa a rufe suke, jirgin Pilatus mai haƙora ma ya tsaya sai bazara. Watannin Mayu, Yuni da Satumba sun fi dacewa da mai yawo da ƙafa. Ranar Lahadi kantunan gari a rufe suke, sai na cikin tasha, ranar Asabar kuma da wuri suke tashi. Masallatan yankin ba su da hasumiya, yawancinsu ɗakuna ne a cikin gine-gine a unguwanni irin su Emmenbrücke, sai an nema a taswirar waya. Ƙuri'ar raba gardama ta 2009 ta hana gina sababbin hasumiyoyin masallaci a ƙasar. Haka nan tun 1 ga Janairu, 2025 doka ta hana rufe fuska a bainar jama'a, abin da ya shafi mai sa niƙabi ko da baƙuwa ce, tarar kuma tana iya kaiwa faran 1,000. Hijabi da mayafi ba su cikin dokar.

Akwai wasu ƙananan abubuwa da suke cinye kuɗi ba a ankara ba. Layin waya da aka saya a wata ƙasar Tarayyar Turai sau da yawa yakan caji kuɗi mai yawa da zarar an tsallako iyaka, don haka gara a sauke taswira tun kafin a shigo. Soket ɗin lantarki na ƙasar dabam yake da mai baki uku irin na Ingila da ake amfani da shi a Najeriya da Gana, kuma mahaɗin ya fi araha a gida. Wasu shaguna suna karɓar yuro, amma da canji mara daɗi, sannan su mayar da faran. Kuɗin hidima yana cikin farashin abinci, ba dole ba ne a ƙara wa mai kawo abinci komai. Ban ɗakin tasha na biya ne, na hukumar birni da ke warwatse a gari yawancinsu kyauta ne.

'Yan Najeriya, Nijar, Gana, Kamaru, Cadi da Sudan duk suna buƙatar bizar Schengen kafin su shiga Suwizalan, wadda ta shiga wannan tsari a Disamba 2008. Kuɗin neman bizar ga babba yuro 90 ne tun watan Yuni na 2024, ana kuma buƙatar inshorar lafiya da shaidar masauki da ta abin kashewa. Saboda haka yini irin wannan ya fi sauƙi ga ɗalibi, ɗan kasuwa ko ma'aikacin da wani dalili ya riga ya kawo shi Turai, kamar masu zuwa tarukan Majalisar Ɗinkin Duniya a Geneva, wadda ke da nisan kimanin sa'a uku a jirgin ƙasa. Irin wannan baƙo, idan ya yanki tikitinsa da wuri, ya riƙe gorar ruwa, ya ci daga kanti, ya sa takalmin da zai jure tudu da matakala, zai ga gadojin biyu, madatsar, ganuwar, zakin da tafkin a yini ɗaya, kuma abin da zai kashe a cikin garin ba lallai ne ya wuce faran 30 ba.